Yadda ake riƙe taswira a cikin jirgin sama: arewa a sama ko hanya a sama?

Idan kana Agege ka ɗaga kai, jiragen da kake gani suna saukowa da tayoyi a waje galibi daga arewa suke tahowa, hancinsu na kallon kudu, wajen teku. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja yana da titi biyu a jere, kuma idan ta bakin arewa aka shigo su, sunansu 18L da 18R. Lambar 18 digiri 180 ce a kamfas aka yanke mata sifilin ƙarshe, wato kudu sak. Harafin L na hagu ne, R na dama. To duk yaron da ya zo wurina ya ce yana son aikin tuƙin jirgi, da wannan nake fara gwada shi. Sai in shimfiɗa masa zanen filin a tebur, arewa a sama kamar yadda aka buga shi, in ce ya ɗora yatsa a kan titin hagu. Kusan kowa wanda ke hagun takardar yake taɓawa, alhali shi ne 18R. Hagu da damar nan na matuƙin da ke fuskantar kudu ne. Hagunsa gabas ce, gabas kuwa a takarda tana hannun dama.

Daga nan duk gardamar riƙon taswira ta samo asali. A ƙasa kana iya tsayawa ka yi tunani. A sama, ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana cin kusan mil 2 kowane minti, hannunka na kan sitiyari, kunnenka na wajen rediyo, idonka na neman wasu jiragen. Ba ka da sararin zama kana lissafin cewa damar takarda ita ce hagun taga. Shi ya sa matuƙa suka kasu. Wasu suna barin taswira yadda aka buga ta, arewa a sama, su yi juyin a cikin ka. Wasu suna juya takardar kanta har layin tafiyarsu ya miƙe gaba, wannan shi nake kira hanya a sama. Ni dai ga inda na tsaya: a tebur arewa a sama, a kan gwiwa hanya a sama, kuma kowane lokaci ka san wacce daga ciki kake kallo. Bayanin da zan yi na mai shirin shiga makaranta ne, irin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, da wanda ya riga ya fara. Malamin da zai zauna kusa da kai a cikin jirgi shi ke da maganar ƙarshe.

Zan ɗauki tafiya ɗaya mu bi ta, daga Ikeja zuwa filin jirgin Ibadan da ke Alakia. Duk inda na ce mil, mil ɗin teku nake nufi, mita 1,852, da shi ake lissafi a sama.

Aikin tebur

Ka samu taswirar jirage mai sikelin 1:500,000, inda santimita 1 a takarda take daidai da kilomita 5 a ƙasa. Shimfiɗa ta gaba ɗaya, arewa a sama. Kafin ka taɓa rula ko fensir, ka zuba mata ido ka faɗi da bakinka: Ibadan tana arewa maso gabas da Legas, saboda haka lambar da zan samu dole ta faɗo tsakanin 000 da 090. Sannan ka ja layi, ka ɗora ma'aunin kusurwa a kan ɗaya daga layukan da suka miƙe kudu da arewa, zai fi kyau wanda ke kusa da tsakiyar tafiyar. Za ka samu wajen digiri 040, nisa kuma mil 60 da 'yar ɗoriya. A wannan sikelin, gaɓar babban yatsanka ta sama wajen mil 10 ce, hannunka a buɗe daga babban yatsa zuwa ɗan ƙaramin yatsa kuma wajen mil 60. Ka auna naka da rula sau ɗaya ka riƙe, don a sama da shi za ka yi aiki.

Wannan faɗi da baki da na ce, kada ka raina shi. Ranar 3 ga Satumba 1989 wani Boeing 737 na kamfanin Varig ya tashi daga Maraba zuwa Belem a ƙasar Barazil, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A takardar hanya an rubuta 0270, ma'ana digiri 27.0. Matuƙan suka karanta ta a 270, suka nufi yamma sak, ga rana tana shirin faɗuwa a gabansu. Mai ya ƙare musu a kan dajin Amazon, mutum 12 daga cikin 54 suka rasu. Duk wanda hoton ƙasar yake zaune a kansa, arewa a sama, ya san Belem ba ta wajen faɗuwar rana. Amfanin fara aiki da taswira a shimfiɗe ke nan: a nan kake gina hoton da zai ce maka a'a idan lamba ta yi ƙarya.

Taswira tana auna daga arewar gaskiya, kamfas kuma yana nuna arewar maganaɗisu, dole a gyara bambancin. Mu a nan Allah ya sauƙaƙa mana, a Legas bai wuce digiri 1 ko 2 ba, kuma an rubuta shi a jikin taswirar. Wanda ya je koyo Siyatil ta Amurka zai tarar da wajen digiri 15. Ko da ƙarami ne ka saba da yin gyaran.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa suke ɓata aikinsu tun a gida. Kafin ka rubuta komai a jikin layin, juya takardar har Ibadan ta koma can gabanka, Ikeja tana wajen cikinka. A haka za ka yi duk rubutun: lambar kamfas, nisa, minti, lambar rediyo. In ka rubuta su arewa a sama, a cikin jirgi za su zo maka a karkace. Ka tsaga layin da ƙananan alamu duk minti 6. Dalilin 6 shi ne kashi ɗaya cikin goma na awa ne, lissafinsa ba wuya: mai gudun mil 120 a awa yana cin mil 12, mai gudun 90 yana cin 9. Daga mafarin layin ka ja wasu siraran layuka biyu, ɗaya digiri 10 hagu, ɗaya digiri 10 dama, don idan iska ta ture ka, ido kaɗai zai gaya maka nawa ka kauce. Sai ka naɗe takardar yadda layin zai zauna a tsakiya, da aƙalla mil 10 ko 15 a kowane gefe, girmanta kada ya wuce cinyarka. A ƙarshe, a kowace fuska ta naɗin da za ka buɗe, zana babbar kibiya mai nuna arewa da jan biro. Za mu zo kan amfaninta.

Ɗan yayata, da na sa shi wannan aikin a kan tabarma, yana juya takardar sai ya tsaya ya ce, "Kawu, ai sunayen garuruwan duk sun karkace." Na ce masa, "Bar su su karkace, ɗana. Sunan gari a takarda kawai yake, ta taga ba za ka gan shi ba. Siffar ruwa da titi za ka gani." Sunayen, a tebur ake haddace su.

A cikin jirgi

Idan ka hau titi ka daidaita hanci, dubi kamfas kafin ka ba da wuta. A titi na 18 ya kamata ya nuna kusa da 180. A Kano, titi na 06 kusa da 060, a Abuja titi na 04 kusa da 040. In bai yi daidai ba, ko dai ba titin da kake zato kake kai ba, ko akwai abin da ke jan kamfas ɗin. Waya, lasifikar kunne, har makulli, duk wanda aka ajiye kusa da shi yana iya karkatar da shi. A ƙananan jirage na da, bayan kamfas ɗin da ke saman gilashi akwai wani faifan digiri a gabanka wanda ya fi shi natsuwa amma yana zamewa a hankali. Kamar duk minti 15 ka daidaita shi da kamfas, a lokacin da jirgi yake miƙe, ba ya kwana, ba ya ƙara gudu.

Lokacin tashi ka bar taswira ta kwanta a cinya, kada ka dube ta. Ka tashi ka nufi kudu, tafkin Legas da gadar nan mai tsawon kilomita 11.8 da aka gama a 1990 suna tagarka ta hagu, alhali a takarda suna dama. Wannan ka riga ka san shi tun a ƙasa. Ta ina za ka yi kwana, a wane tsayi, wannan na hasumiya ne, wato ɗakin masu ba jirage izini a filin, sararin Ikeja ba a yi masa gaban kai. Sai ka hau layinka jirgi ya natsu, sannan ka rubuta lokaci, ka ɗauki takardar ka sa layin ya miƙe daga cikinka zuwa hancin jirgi. Babban yatsan hannun da ke riƙe da ita ya zauna a kan inda kake, yana matsawa gaba da tafiya. Idan rediyo ya ɗauke maka hankali ka dawo, yatsan ne zai nuna maka inda ka tsaya.

Nan take ka yi binciken babban kuskure. Da layi a miƙe, abin da ke damar takarda dole ya kasance a tagar dama: tafki da Ikorodu. Abin da ke hagu dole ya fito a tagar hagu: Agege da layin dogon da ya nufi Abeokuta. Can ƙasa kusa da layinka akwai kogin Ogun, kasuwar shanu ta Kara a bakinsa, da doguwar gadar babban titin Ibadan da ta ratsa fadamar. In ka ga tafki a hagu, kada ka tsaya neman dalilin da zai sa ya yiwu. Ba hanyar kake kai ba.

Daga nan tsarin aikin guda ne, kuma jerinsa ba ya canzawa: agogo, taswira, sannan ƙasa. Agogo ya ce minti 10 da hawa layi. Yatsa ya je kusa da alama ta biyu. Taswira ta ce nan da minti 2 mahaɗar Shagamu za ta zo, inda titin da ya nufi Benin da wanda ya nufi Abeokuta suka rabu da titin Ibadan, garin Shagamu kuma yana dama. Sai a lokacin ka ɗaga ido ka neme ta. Wanda ya juya jerin, ya fara hango gari sannan ya koma takarda yana neman wanda ya yi kama da shi, zai samu. Kullum ana samu. Ƙasar Yarbawa daga sama kore ce shar, garuruwan kuma jan kwano mai tsatsa ne da titi ya ratsa, wannan kamar wancan. Shi ya sa ba na karɓar alama da shaida ɗaya. Gari kaɗai bai isa ba. Gari, da titi mai hannu biyu da ya wuce ta yammacinsa, da kusurwar da wani titin ya rabu, a daidai mintin da ake sa rai, to wannan magana ce. Kuma a nan ne hanya a sama take biyan kuɗinta: kusurwar da titi ya yanka layinka a takarda ita ce daidai kusurwar da zai yanka gabanka ta gilashi, ba sai ka juya komai a ka ba.

Abu biyu game da wannan yankin musamman. Na farko, Legas ta fi taswira sauri. Ibafo da Mowe sun bazu sun kusa haɗewa, kuma tsohuwar takarda ba za ta nuna sabon layin dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ba, balle matatar man Dangote da ke Ibeju-Lekki. Dubi shekarar bugun taswirarka, ka fi dogara da abin da ba ya saurin canzawa, kamar bakin teku da manyan mahaɗu. Na biyu, ruwa ma yana da lokacinsa. Da damina fadamar Ogun takan cika ta yi faɗin da shuɗin zaren da ke takarda bai nuna ba.

Ka riƙa zaɓen alamun da za su faɗo hagu kaɗan da layi. Matuƙi a kujerar hagu yake zama, kuma abin da ke ƙarƙashin hanci sak ba ya ganuwa, sai ka wuce ta kansa ba ka sani ba. A Ingila ma an daɗe ana koya wa mai bin titi ko bakin ruwa ya bar shi a hagunsa, don idan wani na tahowa ta ɗaya ɓangaren su wuce juna lafiya.

Iska, da dawowa

Inda hanci yake kallo daban, inda jirgi yake bi a ƙasa daban. Iskar gefe mai gudun mil 10 a awa tana ture jirgi mai gudun 120 da wajen digiri 5, saboda haka za ka karkata hanci cikin iskar don ka zauna a kan layi. A irin wannan hali, taswira da ƙasa za ka daidaita ta, ba da hanci ba. Alamar da takarda ta ce tana gaba sak za ta fito ɗan gefe a gilashi, ɓangaren da iskar take tura ka. In kuma ka ga ka kauce, ga lissafin da ake yi a ka: kaucewar mil 1 bayan tafiyar mil 60 digiri 1 ce. In ka yi mil 30 ka ga ka kauce mil 2, digiri 4 ke nan. Ka gyara da 4 ka daina ƙara nisa da layi, ka ƙara wasu 4 ka isa Ibadan daidai, tunda saura mil 30 ne.

A wannan tafiyar iska ba ta cika zuwa ta gefe ba. Yawancin shekara daga kudu maso yamma take busowa, ta tura ka a tafiya, ta tare ka a dawowa. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas takan juya lissafin. Don haka alamun minti 6 na zuwa ba su ne na dawowa ba, kowace tafiya da nata rubutun.

Dawowar ce ma take raba gardama. Layin ya koma 220. Mai riƙe da arewa a sama yanzu yana gangarowa ƙasan takarda ne, Shagamu na damar takarda amma tana tagarsa ta hagu, Abeokuta na hagun takarda amma tana tagar dama. Kamar mai naɗa wa wani rawani suna fuskantar juna, kowane juyi sai ya yi shi a bai-bai. Da rana tsaka cikin natsuwa kowa zai iya. Bayan doguwar tafiya, ga gajimare na haɗuwa, ga hasumiya na magana da sauri, a nan hannu yake yin hagu inda ya kamata ya yi dama. Tun 1971 wasu masana biyu a Amurka, Shepard da Metzler, suka nuna cewa lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya juya siffa a cikin kansa yana ƙaruwa daidai da girman kusurwar. Tafiyar kudu ita ce mafi girman kusurwa, digiri 180, kuma duk wanda ya fito daga arewa ya nufo Legas a cikinta yake.

Idan tafiyarka tana da kwana a tsakiya, ka juya takardar kafin ka juya jirgin. Minti 1 ko 2 kafin wurin, karanta sabuwar lamba, dubi ɓangaren da za ka karkata, juya taswira sabon layi ya miƙe, ka faɗi abin da kake sa ran gani hagu da dama. Sannan ka duba waje ko akwai jirgi, ka yi kwanar da ido a waje. Juya takarda a tsakiyar kwana, kai a sunkuye, yana kawo jiri.

Inda hanya a sama take da rauni

Rediyo ne. Ma'aikatan NAMA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage, da arewa, kudu, gabas da yamma suke son ka faɗi inda kake. Idan aka tambaye ka, amsar ita ce mil 25 arewa maso gabas da Legas, ba wanda zai fahimci "Legas tana bayana". Mai taswira a juye, musamman a tafiyar kudu, yana iya cewa gabas alhali yamma yake nufi. Jar kibiyar nan da ka zana, ranarta ke nan: kafin ka danna maɓallin magana, dube ta. Su kuma idan za su nuna maka wani jirgi, da fuskar agogo suke yi, ƙarfe 12 gabanka, ƙarfe 3 damarka. Wato a magana ɗaya ana iya haɗa maka tsarin biyu.

Na san ƙwararrun matuƙa da ba su taɓa juya taswira ba, kuma ba su ɓata. Na lura da yawa daga cikin mutanenmu da suka tashi a gida suna da wannan baiwar, don mu da gabas da yamma muke kwatance, har a cikin ɗaki sai ka ji an ce matsa gabas kaɗan. Wanda ya tashi a Legas kuwa da tashar mota yake kwatance. In kana cikin masu baiwar, ban ce ka bari ba, amma ka gwada kanka a tafiyar kudu ranar da ka gaji. Arewa a sama ma ai al'ada ce kawai ta masu bugawa. Taswirar duniya da Al-Idrisi ya zana wa sarkin Sisili a 1154 kudu ce a samanta.

Allo

Manyan jirage sun raba aikin kamar yadda na raba shi. A Boeing da Airbus, allon hanya yana nuna gaba a sama lokacin tafiya, idan kuma matuƙi yana son duba tsarin hanyar gaba ɗaya sai ya murɗa maɓalli zuwa inda aka rubuta PLAN, hoton ya koma arewa a sama. Na'urar Garmin G1000 da ke cikin ƙananan jirage na zamani tana ba ka zaɓi: arewa a sama, hanya a sama, ko hanci a sama. Na ƙarshen nan ya fi dacewa da abin da gilashi yake nuna maka idan akwai iskar gefe, amma ga mai koyo na fi son hanya a sama, don idan layin ya miƙe tsaye a allo ka san kana kansa ko kana tafiya daidai da shi.

Haɗarin allo shi ne yana canzawa da taɓawa ɗaya, kuma wanda ya tuƙa jirgin kafin kai yana iya barinsa yadda ba ka saba ba. Kafin ka motsa, dubi kusurwar allon ka ga wane tsari ne. Idan kuna biyu, ku faɗa wa juna. In kana da kwamfutar hannu a gwiwa ga kuma allon jirgi, ba laifi ɗaya ta zauna arewa a sama ɗaya hanya a sama, muddin kai ka tsara haka. GPS daga motsi yake gane inda ka nufa, saboda haka idan jirgi na tsaye hoton yana iya juyawa yadda ya ga dama. Kwamfutar hannu kuma, ranar Legas ta cikin gilashi tana iya sa ta yi zafi ta kashe kanta, shi ya sa takarda take zama a naɗe, da layinta da mintocinta, ko da ba a buɗe ta ba. Zanen sauka da na filin jirgi su arewa a sama ake buga su. Ka bar su haka lokacin bita, amma idan kana bin hanyoyin cikin fili bayan sauka, ka iya juya zanen a kowace mahaɗa kafin ka karya.

Hazo

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe mu har nan bakin teku. Ƙa'idar tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 ita ce ka iya hangen aƙalla kilomita 5. Ko an cika wannan a takardar yanayi, idan kana fuskantar rana abin da kake gani ya fi haka gajarta, alama sai ta zo kusa take bayyana, wanda ke nufin agogo da kamfas ne za su ɗauki nauyin. In abin bai yi maka ba tun a ƙasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma kada ka dogara da rana da tsakar rana: daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba tana arewa da Legas, sauran watannin tana kudu, kuma kullum kusan a tsakar ka take. Da safe da yamma ne take da amfani.

Idan alama ba ta fito a lokacinta ba, kada ka fara yawo kana juya takarda ta ko'ina. Riƙe lambarka, duba faifan digiri da kamfas, koma kan alamar ƙarshe da ka tabbatar, lissafa mintin da ka yi daga nan, ka zana da'ira a inda ya kamata ka kasance. A wannan halin ne kaɗai aka yarda ka fara daga ƙasa ka koma takarda. Ka kira masu kula da zirga-zirga da wuri, matambayi ba ya ɓata. Legas tana da gata ɗaya: bakin teku ya miƙe gabas da yamma, duk wanda ya nufi kudu zai same shi. Teku a hagunka, yamma ka nufa, wajen Badagry. Teku a damarka, gabas ka nufa, wajen Lekki. Sai dai ka kula, daga Ikeja zuwa iyakar Jamhuriyar Benin a Seme bai kai minti 20 ba a gudun mil 120, kuma komawa kusa da Ikeja ba izini shiga hanyar manyan jirage ne.

Duk wannan ana iya fara koyonsa ba tare da an biya kuɗin awa ɗaya ta jirgi ba. Buga taswirar hanya a takarda, ka hau jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Moniya, ka zauna kujerar da ke fuskantar gaba. Layin yana nufar arewa har Abeokuta sannan ya karkata arewa maso gabas, saboda haka dole ka juya takardar a hanya. Rubuta lokacin tashi, ka riƙa faɗin abin da zai zo da ɓangaren da zai fito kafin ya zo. A dawowa ka bar ta arewa a sama ka ji bambancin a kanka. A gida kuma ka yi aiki da alƙibla, wadda a Legas take wajen digiri 063: tsaya ka fuskance ta, ka nuna arewa, ka nuna teku, ka nuna Kwatano, ka juya baya ka sake, har hannu ya riƙa zuwa kafin tunani.